Masara a Ƙarƙashin Gwiwa

Ranar da Malama Mirta ta ce a ture teburan aji huɗu jikin bango, Ninfa ta ɗauka shara za a yi. Har ta nufi bayan ƙofa za ta ɗauko tsintsiya, yara suka fashe da dariya.

"Ku gan ta!" in ji Derlis. "Ko a makaranta aiki take nema."

Derlis ɗan gidan da Ninfa ke zaune ne. Ajinsu ɗaya, kuma sa'o'in juna ne, amma ita ke ɗauko masa jaka kullum. In an raba madara lokacin tara, takan miƙa masa kofinta ya shanye, sannan ta wanke kofunan biyu. Uwarsa, Nya Zunilda, ita ta riƙe Ninfa a coci ranar baftisma, shi ya sa Ninfa ke kiran ta Madrina, wato uwar baftisma, ita da mahaifiyar Ninfa kuma suke kiran juna Komadre. Ita ce kuma ta ɗauko ta daga ƙauye don ta yi karatu.

"Ba shara ba ce," in ji Malama. "Wasan kwaikwayo za mu shirya a kan cin zali, mu nuna wa iyayenku ranar da za a yi hutu. Doka ɗaya ce. Duk mai kallo, yaro ko babba, in ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya tafa hannu ya ce, 'Tsaya!' Wasa zai tsaya cak. Shi kuma ya fito ya nuna mana abin da ke ransa, ba mai hana shi."

Aka ba Derlis matsayin mai cin zali saboda ya fi kowa murya. Perla, 'yar mai kantin magani, ita ce wadda za a zalunta. Ninfa aka ba ta riƙon labule, ta kuwa ji daɗi, don mai riƙon labule ba ya magana.

A gwaji na biyu Derlis ya zo da aljihu a cike. Da aka kai wurin da zai ture Perla, sai ya ciro tsabar masara, irin wadda ake watsa wa kaji, ya zuba a kan siminti.

"Durƙusa a nan. Hannu sama."

Perla ta durƙusa tana dariya. Gwiwarta na taɓa ƙasa ta ƙwalla ƙara ta yi tsalle.

"Wayyo! Kai mahaukaci ne? Kamar ƙusa!"

"Ke dai raguwa ce," in ji Derlis. "Ninfa ta iya. Ninfa, zo ki nuna musu."

Ba ta yi tunanin komai ba. An kira ta, ta zo. Ta tattare siket ɗinta, ta sauke gwiwa ɗaya a hankali, ta sauke ɗayar, ta ɗaga hannuwa, ta kafa ido a jikin bango. Yara suka yi ta tafi suna ihu. Can dariyar ta fara raguwa, domin yarinyar ba ta motsa ba, fuskarta ma ba ta canza ba.

"Tashi, 'yata," in ji Malama.

Ninfa ba ta tashi ba. Sai da ta juya ta dubi Derlis tukuna, don a gida shi ake sa wa ya tsare ta, ya kai rahoto in hannunta ya sauko. Derlis ya ɗaga kafaɗa, sannan ta miƙe.

Da aka tashi, Malama ta tsayar da ita, ta sunkuya ta dubi gwiwoyin. Sun yi baƙi, sun yi kanta, da ƙananan ramuka kamar an danna su da kan fensir.

"Wa yake sa ki wannan?"

"Faɗuwa na yi, Malama."

"Duka gwiwa biyun?"

"Ina yawan faɗuwa."

Ranar Asabar da yamma Malama Mirta ta tafa hannu a bakin ƙofar gidan, yadda ake sallama a garin. Madrina ta tarbi baƙuwar da fara'a, ta sa aka fito da kujeru gindin mangwaro, ta ce Ninfa ta kawo terere, shayin ganye mai sanyi da ake zuƙa daga ƙoƙo ɗaya. Ninfa ta tsaya tsakaninsu da butar ruwan ƙanƙara, tana cika ƙoƙon ganyen tana miƙa wa wannan, tana karɓa tana miƙa wa waccan.

"Masara?" Madrina ta yi dariya. "Haba Malama, na ɗauka wani babban abu ne ya kawo ki. Wane ne a garin nan bai durƙusa a kan masara ba? Ni kakata har da bulo take ɗora mini a hannu. Ga ni nan, na mutu? Ai gara haka da duka. Ni ban taɓa ɗaga mata hannu ba, tambaye ta."

"Derlis ma yana durƙusawa?"

"Derlis yana da ciwon ƙirji." Ta zuƙi terere har ƙoƙon ya yi ƙara. "Da kin ga yarinyar nan ranar da na ɗauko ta, kai duk ƙwarƙwata, ko takalmi babu. Yau ga ta da yunifom, tana cin nama. Uwarta da kanta ta ce mini, 'Komadre, ki gyara mini ita.' To ina gyarawa. Ninfa, ana zaluntar ki a gidan nan?"

"A'a, Madrina."

"Ɗaga murya, Malama ba ta ji ba."

"A'a, Madrina."

Don Blas, maigidan, yana kwance a ƙarƙashin babbar motarsa yana ɗaure wani abu. Malama ta gaishe shi ta ce ko yana da abin cewa. Daga can ƙasa ya amsa, "Ni kullum ina kan hanya, Malama. Wannan harkar mata ce."

Bayan baƙuwar ta tafi Madrina ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi tsorata Ninfa. Ta kira ta kicin, ta zauna, ta yi magana a hankali.

"Kin kai ni ƙara ke nan."

"Ban faɗa ba, Madrina. Na rantse ban faɗa ba."

"Ba komai. In kin gaji da gidana, sai in mayar da ke. Uwarki tana da wata 'yar. Yaya ma sunanta, mai giɓin nan? Rosalba. Ta kai shekara bakwai ai, ta isa wanke-wanke. Ki sake buɗe baki sau ɗaya, ko ki bari wani ya ga ƙafarki, ita zan ɗauko a madadinki."

Rosalba, wadda ko ƙaya ta taka sai an goya ta. Rosalba mai tsoron zakara.

"Ba zan sake ba, Madrina. Don Allah ki bar ta."

Washegari aka sayo mata doguwar farar safa mai rufe gwiwa. Daga ranar kuma aka daina durƙusar da ita a tsakar gida inda maƙwabta za su hango. Aka koma ɗakin ajiya, tsakanin buhunan abincin kaji, ƙofa a rufe. Laifin ma ya daina zama laifi. In madara ta tafasa ta zube, masara. In rigar Derlis ta bushe da tabo, masara. Ran nan don ta daɗe a shagon burodi, aka ce ta tsaya gulma da mutane. Kantar da ke gwiwarta ta fashe, wurin ya fara ruwa. Da daddare safar kan manne da ciwon, sai ta jiƙa ta kafin ta iya cirewa, ta wanke, ta shanya a bayan murhu don ta bushe kafin safiya.

A makaranta kuwa wasan ya koya wa yara sabon abu. Malama ta hana Derlis kawo masara, ta cire wannan wurin daga wasan gaba ɗaya, amma an riga an gani. Ninfa takan tarar da tsaba a kan bencinta. Lokacin tara wasu kan bi ta suna kiran ta yadda ake kiran kaji.

"Kazar su Derlis! Zo ki yi mana irin na ran nan!"

"Safa a wannan zafin? Ko ƙafar kaza kike ɓoyewa?"

Ba su ne suka fi ba ta tsoro ba, Malama ce. Duk sanda matar ta dube ta da wannan ido na tausayi, sai Ninfa ta ga Rosalba a ɗakin ajiya. Ta koyi fita kafin kowa, ta koyi ɓuya a bayan tankin ruwa. Wata rana tana nan a laɓe ta jiyo Malama da hedimasta ta taga.

"Ki bi a hankali," in ji hedimasta. "Nya Zunilda ita ce shugabar kwamitin iyaye. Kwanon rufin ajinki wa ya saya? Yarinya ta ce faɗuwa ta yi."

"Na kai magana ofishin kula da yara."

"Me suka ce?"

"Sun ce za su zo."

Ninfa ta yi ta addu'a kada su zo. Ba su kuwa zo ba.

Ana saura kwana kaɗan a yi wasan, tana guga a baranda, Madrina na waya da ƙanwarta da ke babban birni. Ba ta ko rage murya ba, don ba ta ɗauki mai guga a matsayin mai kunne ba.

"Na samo miki. Ƙanwar yarinyar nan ta gidana ce... E, ƙarama, ai su suka fi saurin horuwa. Tawa ta fara wayo, har malamai take jawo mini... Uwar za ta kawo ta ranar bikin makaranta, Blas ya wuce miki da ita washegari."

Dutsen guga ya tsaya a kan rigar har ta fara ƙauri. Ninfa ta ɗaga shi da sauri. Ashe duk shirun da ta yi, duk safar da ta jiƙa, ba su sayi komai ba. Kuma babban birni ne, inda ba wanda zai ga gwiwar Rosalba, ko ita kanta. Ranar ta durƙusa saboda rigar, amma ba ta ji masarar sosai ba. Abin da ke ƙirjinta ya fi ta tsini.

Ranar bikin, mahaifiyarta, Teodora, ta sauka daga bas ɗin safe da buhun rogo a ka, da kaza a hammata, Rosalba na riƙe da gefen siket ɗinta. Ta rame fiye da yadda Ninfa ta san ta. Ninfa ta haɗa tafin hannu ta nemi albarka, uwar ta sa mata, ta riƙe fuskarta tana kallo.

"Kai, kin zama 'yar birni! Komadre, Allah ya biya ki. Dubi safa har gwiwa."

Rosalba ta shafa safar da yatsa. "Ni ma za a saya mini irinta?"

"Har biyu," in ji Madrina.

Ninfa ta yi ta neman inda za ta keɓe da uwarta. Ta ce, "Mama, zo ki ga kajin," Madrina ta ce ita ma za ta gani. Ta ce za ta raka ta bayan gida, Madrina ta aike ta sayen ƙanƙara. Sau ɗaya suka haɗu su biyu a bakin famfo, ta buɗe baki, "Mama, Rosalba..." Uwar ta katse ta cikin raɗa.

"Na sani, za ki yi kewarta. Amma fari ya cinye mana gona, 'yata. A can za ta ci ta ƙoshi, ta yi karatu kamar ke. Ki riƙa gode wa Madrinarki."

Inuwar Madrina ta faɗo a kansu, maganar ta mutu.

Kafin su fita Ninfa ta je watsa wa kaji abinci. Ta watsa, ta tsaya. Ta sake cusa hannu cikin buhun ta cika aljihun siket ɗinta. Duk hanya tana dafe da shi kada ya yi ƙara.

An haɗa teburan aji an yi dandamali a filin makaranta. Iyaye sun cika benci, ana sayar da cipa, burodin rogo mai cuku, da zafinsa a bakin ƙofa. Madrina na layin gaba kusa da hedimasta, Teodora na gefenta a takure, Rosalba a cinyarta. Ninfa ta ja labule.

Wasa ya tafi daidai. Derlis ya ƙwace abincin Perla, ya jefar mata da littafi, ya sa sauran suka yi mata waƙar tsokana. Wani uba ya tafa ya ce, "Tsaya!" ya hau ya nuna yadda za a kai ƙara wurin malami. Wata yarinya ta hau ta raba wa Perla abincinta. Aka yi ta tafi. Sai Madrina ta miƙe, ta tafa da ƙarfi.

"Tsaya!"

Ta hau, ta rungume Perla, ta juyo ga mutane. "Ni uwa ce. In na ga ana zaluntar yaro, nan nake ji." Ta dafa ƙirji. "Ɗan kowa namu ne. Tarbiyya daga gida take farawa, jama'a." Ta ja kunnen Derlis da wasa, mutane suka yi dariya, suka tafa mata fiye da kowa. Har Teodora ta tafa.

"Akwai saura?" in ji Malama Mirta. "Ko mu rufe?"

Ninfa ta saki labulen ta tafa, amma tafin bai fi ƙarar faɗuwar ganye ba, ba wanda ya ji. Malama ta ɗaga hannu za ta sallami mutane. Ninfa ta hango Rosalba tana wasa da igiyar takalmin Madrina. Ta sake tafawa.

"Tsaya."

"Ke, koma wurin labulenki," in ji Madrina daga ƙasa, tana murmushi.

"Doka ɗaya ce, Nya Zunilda," in ji Malama. "Ta ce a tsaya."

Ninfa ta tako tsakiyar dandamali. Duk maganar da ta shirya ta gudu. Sai ta sunkuya ta naɗe safar dama zuwa idon sawu. Inda safar ta manne da ciwon, ta fizge ta, jini ya biyo. Ta naɗe ta hagu. Ta juye aljihunta, masara ta zube a kan katako, ƙararta ta kai har layin baya. Ta sauke gwiwa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta ɗaga hannuwa. Wannan karon ba bango ta kalla ba, uwarta ta kalla.

Wani ya fara dariya a baya, ya ga shi kaɗai ne, ya yi shiru.

"Wasa ne," in ji Madrina, tana waige-waige. "Yarinyar akwai iya wasa. Derlis, gaya musu cikin wasan ne."

Derlis ya tsaya da abincin Perla a hannu. Ya dubi uwarsa, ya dubi jinin da ke bin ƙwaurin Ninfa. "Ba ni na ce ta yi ba, Mama," ya ce, ya fashe da kuka. "Yau ba ta yi laifin komai ba."

Hannuwan Ninfa suka fara karkarwa. Ba ta sauke su ba. Uwarta na zaune kamar an dasa ta, Ninfa kuwa ta san wannan zaman, zaman wanda ya ci abincin mutane ne. In ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri, shi ke nan, gobe motar Don Blas za ta tashi da Rosalba, ita kuma ɗakin ajiya na jiran ta.

Teodora ta sauke Rosalba daga cinyarta. Ta miƙe. Ba ta bi ta matakala ba, ta dafa tebur ta hau da ƙyar. Ta kama hannuwan 'yarta ta sauke su, ta ɗaga ta, ta zaunar a bakin dandamali. Sannan ta durƙusa a gabanta tana cire tsabar da ta nutse cikin ciwon, ɗaya bayan ɗaya, tana sharewa da bakin mayafinta.

"Komadre," in ji Madrina, "kada ki biye wa yarinya. Mu je gida mu yi magana."

Teodora ba ta ɗago ba. "Rogon da kazar naki ne, Komadre," ta ce. "Na gode da abinci."

Ta goya Ninfa, ƙatuwar yarinya, ƙafafunta na reto. Ta kama hannun Rosalba. Suka ratsa tsakanin bencina, mutane na janye ƙafa suna ba su hanya, ba wanda ya dubi wani. Malama Mirta ta bi su da gudu har bakin titi da jakar littattafan Ninfa, ta tsaya tare da su har bas ya zo.

Ƙauyensu ba aji huɗu, makarantar a aji uku ta tsaya. Ninfa ta san haka tun tana kan dandamali. A cikin bas Rosalba ta yi ta kuka don an hana ta zuwa birni, ta ce Ninfa ce ta ja mata, ta ƙi zama kusa da ita. Ninfa ta bar ta ta yi kukanta. Ta jingina kai da taga.

A gari an yi maganar kwana biyu. Wasu suka ce abin ya yi yawa, ai ba a yi har jini ya fito. Wasu suka ce butulci ne, ka ɗauko yaro daga yunwa ya tozarta ka a gaban jama'a. Masu wannan maganar da yawansu akwai 'yar wani a kicin ɗinsu, suka koma gida suka ja mata kunne. Hedimasta ya ce wasan ya yi kyau, amma baɗi a bar wa yara kaɗai dokar tafin nan, kuma a kan abin da ya faru a harabar makaranta kawai. Nya Zunilda ba ta sauka daga shugabancin kwamiti ba.

Da aka dawo hutu, Malama Mirta na tsaye a bakin ƙofa tana karɓar yara. Derlis ya shigo hannu a aljihu, ya gaishe ta bai dube ta ba. A bayansa wata 'yar siririyar yarinya ce da ba wanda ya sani, daga wani ƙauyen daban, tana rungume da jakarsa. Rana ta riga ta yi zafi tun da safe. Yarinyar na sanye da sabuwar farar safa, an ja ta har saman gwiwa.